Yadda Ake Barin Kwamfuta Ta Kwana Tana Aiki Mai Nauyi Ba Tare Da Zafi Ya Illata Ta Ba

Da zarar bazara ta kama, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, idan na bar kwamfutata a kunne kwana biyu tana aiki, ba za ta ƙone ba?" Masu tambayar ba sa wuce mai tace bidiyon biki da ya karɓo aikin da sai an kwana ana fitarwa, ko ɗalibin zanen gine-gine da ya jibga wa manhajar zane ta Lumion hoton gida mai hawa uku, ko mai haƙar kirifto, ko mai wasan gem da ba ya son kashewa.

Daɗewa a kunne ba ita ke kashe kwamfuta ba. Manyan kwamfutocin bankuna da na kamfanonin waya suna shekaru ba a kashe su ba. Abin da ke kashe ta shi ne zafin da ya rasa hanyar fita. Duk wutar da kwamfuta ta ja daga bango, a ƙarshe zafi take komawa. Kwamfutar tebur mai jan wat 300 daidai take da hita mai wat 300 da ka kunna a ɗaki, kuma in ta yi awa 24 ta sha yunit 7.2 a mita, dukkansu sun zama zafi a ɗakin nan. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera MacBook don aiki a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin laftof na Dell da HP ma a 35 ɗin suka tsaya. To mu da Afrilu ke kai mu digiri 40 ko fiye a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, tun kafin mu danna maɓallin kunnawa mun riga mun haura iyakar da aka gindaya.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai, domin shi ne mutane suka fi fahimta a baibai. Kowa tsoronsa a kan firosesa yake, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, alhali ita ce ta fi kowa iya kare kanta. Firosesar Intel ta zamani idan ta kai kusan digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, Ryzen 7000 ta AMD kuma a 95 take yin haka. In rage gudun bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar ɗungurungum. Za ka yi asarar aikin dare, amma firosesar na nan lafiya. Waɗanda ba su da wannan gata su ne maƙwabtanta: batir, faifan ajiya mai juyawa, fanka, caja, da ƙananan kafasito, masu riƙe wuta, da ke kan babban allon cikin kwamfuta da cikin akwatin wutarta. Injiniyoyi suna da ƙa'idar da suke aiki da ita a kan irin kafasiton nan mai ruwa a ciki: duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ba ranar zai mutu ba. Bayan wata takwas ne kwamfuta za ta fara ƙin tashi da safe, mai ita kuma ya rasa dalili.

Ni ma a jikina na koya. Wata shekara a watan Afrilu na bar laftof a kan kafet tana fitar da bidiyo, na rufe ɗaki na tafi. Da asuba na tarar da ita a mace, aikin ya tsaya a wajen kashi 70. Ta tashi lafiya, na ɗauka an rabu da Bukar. Kafin damina ta ƙare batirinta ya kumbura har ya ɗago wurin da ake murza yatsa.

Mataki na ɗaya: ka auna, kada ka yi kirdado

Taɓa jikin kwamfuta da tafin hannu ba awo ba ne. Laftof mai jikin alminiyam tana iya yin zafi a hannu alhali cikinta lafiya lau, domin jikin ne ke fitar da zafin. Mai jikin roba kuma tana iya zama ɗumi-ɗumi a waje, ciki na tafasa.

Sauke HWiNFO, kyauta ce, kuma daga shafin masu ita za ka ɗauko ta. Idan ka buɗe, zaɓi Sensors-only. Za ka ga jerin sassan kwamfutarka, kowanne da lamba huɗu a gabansa: zafinsa na yanzu, mafi ƙanƙanta, mafi girma, da matsakaici. Na ukun ne abin dubawa, domin shi zai faɗa maka abin da ya faru lokacin da kake barci. Nemi layin da aka rubuta Thermal Throttling. Idan ya taɓa nuna Yes, to firosesar ta kai bango har ta rage gudu. Don faifan ajiya, CrystalDiskInfo ta fi sauƙin karantawa. Mai Linux ya saka lm-sensors ya rubuta sensors. Mai Mac ya buɗe Activity Monitor: idan ya ga kernel_task ta cinye kaso mai yawa na firosesa ba gaira ba dalili, sau da yawa alama ce cewa na'urar na ƙoƙarin hana kanta aiki don ta huce.

Yi awon sau biyu. Na farko bayan kwamfuta ta yi minti goma a kunne ba ta komai. Na biyu bayan ta yi rabin awa tana ainihin aikin da kake son bar mata. Ga yadda nake karanta lambobin idan aikin na kwana ne:

Firosesar kwamfutar tebur: ƙasa da 80, hankali kwance. Tsakanin 80 da 90, a duba. Sama da 90 na awanni, sai an gyara wani abu.
Firosesar laftof: an ƙera ta ta jure fiye da haka, amma ba na son ta zauna sama da 90 dare guda, saboda batirin da ke kwance kusa da ita.
Katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo: ƙasa da 80 ya yi. Idan katinka na da ma'adanar GDDR6X, kamar RTX 3080 da 3090, duba layin Memory Junction daban, domin tana iya haura 100 alhali ainihin katin na nuna 70. A 110 take fara rage gudu.
Faifai mai juyawa, wato HDD: yawancinsu iyakarsu 60, ni kuwa da na ga 50 nake neman mafita.
Faifan da ba ya juyawa, wato SSD: yawanci iyakarta 70.

Iyakokin digiri 100 da 95 da 110 da 60 da 70 na kamfanoni ne. Sauran kuwa ra'ayina ne, kuma na matsa su ƙasa da gangan, saboda abin da na'ura za ta jure na minti ashirin daban yake da abin da za ta jure daga isha'i zuwa asuba, kullum.

Rubuta lambobin a takarda tare da kwanan wata. Za ka buƙace su a mataki na ƙarshe.

Mataki na biyu: tabbatar aikinka kaɗai take yi

Idan a awon farko, lokacin da ba ta komai, ka ga firosesa a 70 ko fiye kuma fanka na ihu, to ruwa ba ya tsami banza. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka jera manhajoji bisa yawan abin da suke ci. Yawancinmu manhajar da aka fasa muke sakawa, kuma ta nan ne ɓarayin intanet suka fi cusa ɓoyayyiyar manhajar haƙar kirifto, musamman Monero, wadda za ta riƙa aiki da wutarka da na'urarka tana tara wa wani. Wasunsu suna lafawa da zarar ka buɗe Task Manager, don haka idan fanka ta yi shiru daidai lokacin da ka buɗe, ta koma ihu bayan ka rufe, ka zargi wani abu. Yi cikakken bincike da Microsoft Defender, zaɓin da ake kira Offline scan. Sannan ka rufe burauza kafin aikin dare.

Mataki na uku: wurin da za ta kwana

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfe mai zafi. Saboda haka duk digiri ɗaya da ɗakinka ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne ya ƙaru a kan firosesa. Kwamfutar da ke tsayawa a 78 cikin Disamba, ita ce za ta kai 90 cikin Afrilu ba tare da komai ya lalace a jikinta ba.

Kuma dare ba lallai ya cece ka ba. Ɗakin bulo mai rufin kwano, musamman marar silin, yana shan rana tun safe, sai ya yi ta amayar da zafin har tsakar dare. Ka ƙara da rufe ƙofa da taga saboda tsaro, ka ƙara da inbata da batiranta a lungu su ma suna nasu zafin. In da hali, zaɓi ɗakin da ba ya kallon yamma, ka bar wata kafa da iska za ta shiga da wadda za ta fita, ka bar fankar ɗaki a kunne tana kaɗa iska ta gefen da kwamfuta ke fitar da zafi. Lokacin da ya fi dacewa da aiki mafi nauyi shi ne daga bayan tsakar dare zuwa hantsi. Tsakanin azahar da la'asar a bazara, in babu na'urar sanyaya ɗaki, gara a bar ta ta huta.

Laftof ba ta kwana a kan katifa, ko kafet, ko darduma, ko filo, ko kujerar kushin. Yawancinsu ta ƙasa suke shan iska. Ɗora ta a kan tebur ko tayil, ka ɗaga bayanta da ɗan katako ko murafen kwalba biyu yadda yatsa biyu za su shige ƙarƙashi. Wannan ɗan ɗagawar kaɗai takan sauke digiri da dama. Farantin sanyaya mai fanka da ake sayarwa yana taimakawa, amma rabin amfaninsa ɗagawar ce. Bar murfin a buɗe, ka kashe hasken allo kawai, domin wasu laftof ta tsakanin maɓallai suke shan iska ko ta gindin murfi suke fitarwa. Kada ka taɓa saka ta cikin jaka tana aiki.

Kwamfutar tebur kuma a fito da ita daga cikin durowar tebur, a ba bayanta tazarar aƙalla taƙi ɗaya daga bango, a ɗauke ta daga ƙasa inda ƙura ta fi yawa. Kyallen da ake lulluɓa mata don ƙura, a cire shi duk lokacin da take kunne.

Ƙanƙara, jiƙaƙƙen tsumma, ko saka laftof a firij: kada ka yi ko ɗaya. Raɓa za ta taru a kan allon ciki, ruwa da wuta kuwa ka san ƙarshensu.

Mataki na huɗu: ƙura

A wurinmu nan ne gizo ke saƙa. Ƙurar hunturu mai laushi ce kamar gari, tana shiga ko'ina tun daga Nuwamba har Fabrairu, sai ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama wani bargo a bakin siraran ƙarafan da iska ke ratsawa. Daga waje ba ka ganinsa. Fanka na juyawa, tana ƙara, amma ka sa hannu a bakin kafar fitar iska ka ji ba abin da ke fitowa sai ɗan huci. Abin takaicin shi ne hunturu na fita bazara ke shiga, wato kwamfuta tana tarar zafi mafi tsanani a lokacin da hancinta ya fi toshewa. Shi ya sa nake cewa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ne lokacin share wa kwamfuta ƙura, ko da ba ta yi ƙorafi ba.

Ga yadda ake yi:

1. Kashe ta gaba ɗaya, zare filogi daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fita.
2. Fita da ita tsakar gida ko baranda. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa cikinta, saboda a lokacin rani jikin mutum na tara wutar da kan yi tartsatsi, kuma tana iya lalata sassa masu laushi.
3. Kwance murfi. Jera sukurori a kan takarda yadda ka cire su, domin a laftof ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda allon ciki. Idan laftof ce mai batir a ciki, zare wayar batirin kafin komai.
4. Danne fanka da yatsa ko tsinken sakace kafin ka hura. Idan ka bar iska ta juya ta fiye da ƙima, za ka cinye mata gindi, ta fara gurnani.
5. Hura da bulowa daga ɗan nesa, kaɗan-kaɗan, daga ciki zuwa waje. Bargon da ya manne a bakin ƙarfe, ciro shi da buroshi mai laushi. Kada ka yi amfani da injin bugun taya na masu faci, yakan feso ruwa da mai.
6. Akwatin wutar kwamfutar tebur, hura shi ta kafofinsa kawai. Kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare filogi.
7. Kafin ka rufe, juya kowace fanka da yatsa. Wadda ta yi tauri ko take kaɗawa gefe, a sauya ta.

Idan bayan wannan zafin bai sauka ba, kuma kwamfutar ta haura shekara uku, ko tokumbo ce da ba ka san tarihinta ba, to saura man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke shan zafinta, wanda masu gyara ke kira tamal fes. Da daɗewa yakan bushe ya koma kamar alli. A goge tsohon da auduga da sifirit mai ƙarfi irin na isofurofil, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan, bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu. Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 duk suna da kyau in ka samu na gaske. Man goge baki ba ya wannan aiki, ko wa ya faɗa maka. 'Yan katifun roba masu laushi da za ka gani a kan wasu sassa, bar su yadda suke, kada ka musanya su da mai. Mai Ryzen ta soket AM4 ya kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan ya murɗa ƙarfen a hankali kafin ya ɗaga, in ba haka ba firosesar na iya biyo shi ta lanƙwashe ƙafafu. Wasu laftof na ASUS ROG kuma narkakken ƙarfe aka zuba musu maimakon mai, ɗigo ɗaya a kan allon ciki ya isa ya kashe shi. Irin wannan a kai wa wanda ya saba, kuma ka tsaya a yi a gabanka.

Mataki na biyar: rage mata gudu da kanka

Wannan ne matakin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne mutane suka fi ƙi, don gani suke an rage musu abin da suka saya. Gaskiyar lamari ita ce ɗan ƙarin gudun nan na ƙarshe da firosesa ke yi shi ya fi komai tsada a wajen zafi, saboda sai ta ƙara ƙarfin wutar da take sha kafin ta kai shi. Kuma firosesar da ta kai 100 tana ragewa tana ƙarawa ba ta fi wadda ka tsayar a matsakaicin gudu sauri sosai ba.

A Windows, shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, sannan Processor power management. Mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A yawancin kwamfutoci wannan kashi ɗayan yana kashe ƙarin gudun da Intel ke kira Turbo Boost gaba ɗaya, sai ka ga zafi ya faɗo sosai. In ba ka ga zaɓin ba, duba manhajar kamfanin laftof ɗinka ka zaɓi yanayin Quiet ko Balanced maimakon Performance.

Katin hoto kuma, saka MSI Afterburner, tana aiki da katin kowane kamfani. Ja Power Limit zuwa 75 ko 80, ka ɗaga gudun fanka. Saurin da za ka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da za ka rage. Aikin da zai ƙare ƙarfe huɗu na asuba ya ƙare biyar, ai kana barci.

Mai kwamfutar tebur da ke da Core i7 ko i9 na zubi na 13 ko 14 ya sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke kan allon ciki mai tayar da kwamfuta, kafin ya bar ta tana dogon aiki. A 2024 Intel ta amsa cewa waɗannan firosesoci na neman wutar da ta wuce ƙima, abin da ke lalata su a hankali, ta kuma fitar da gyara ta hanyar BIOS. Sai dai a yi sabuntawar a kan wutar da ba za ta ɗauke ba, domin yankewa a tsakiya na iya hana kwamfutar tashi.

Mataki na shida: batir, caja da wayoyi

In gobara za ta tashi, daga nan za ta tashi.

Batirin litiyam ba abin da ya tsana kamar a cika shi fal kuma a ajiye shi a wuri mai zafi, wanda shi ne daidai halin laftof da ke jone da caja tana aiki dare da rana. Ko manyan kamfanoni sun sha wuya a kansa: a Agustan 2006 Dell ta janye batura kusan miliyan 4.1 da Sony ta ƙera saboda haɗarin kamawa da wuta, a Yunin 2019 kuma Apple ta janye wasu MacBook Pro masu inci 15 saboda irin wannan dalili. Maganin shi ne ka hana batirin cika. Lenovo na da Conservation Mode a cikin Vantage, ASUS na da zaɓin tsayawa a kashi 60 ko 80 a MyASUS, Dell na da Primarily AC Use a BIOS, HP na ofis kuma na da Battery Health Manager a BIOS. Idan tsohuwar laftof ce mai batirin da ake zarewa ta baya kuma wutarka tsayayya ce, kana iya cire shi da caji kusan rabi ka ajiye a wuri mai sanyi, amma ka sani kariyarka daga ɗaukewar wuta ta tafi.

Duba alamun kumburi: wurin murza yatsa ya ɗago ko ya daina dannuwa, maɓallai sun yi tudu, gefen laftof ya buɗe, ko ta daina zama daidai a kan tebur. Da ka ga ɗaya, maganar aikin dare ta ƙare sai an sauya batir. Kada ka danna shi, kada ka huda shi, kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Caja kuma, karanta wat ɗin da aka rubuta a jikinta. Laftof mai neman 65 da aka ba ta cajar 45 za ta sa cajar ta yi ta aiki a ƙarshen ƙarfinta, kuma manyan laftof na gem suna neman 180 ko 230. Araha ba ta ado a nan: jabun caja ba ta da nauyi a hannu domin an cire mata abubuwan kariya. Ajiye tubalin cajar a kan tayil, a fili, ba a kan gado ko ƙarƙashin tarin takardu ba, kuma ka warware wayarta. In ba ka iya riƙe shi a hannu na daƙiƙa goma, akwai matsala.

Sai abin jona wuta mai baki da yawa da muke kira istanshan. Yawancin na kasuwa wayar cikinsu siririya ce, bakinsu kuma sakwa-sakwa, kuma filogin da bai kama da kyau ba shi ke haifar da zafi. Bayan awa ɗaya da fara aiki, taɓa filogi da soket. Ɗumi kaɗan ba komai. Zafi, ko baƙin tabo, ko ƙaurin roba, a sauya nan take. Kada ka jona istanshan a kan istanshan, kada kuma dutsen guga ko hitar ruwa su raba baki da kwamfuta. Hatta a cikin kwamfutar wannan doka na aiki: a ƙarshen 2022 masu katin RTX 4090, mai jan wat 450, sun yi ta nuna hotunan filoginsa ya narke, kuma binciken Nvidia ya ɗora yawancin laifin a kan filogin da ba a tura shi ya shige har ƙarshe ba.

Kwamfutar tebur na buƙatar UPS, wato akwatin batir mai riƙe ta in wuta ta ɗauke, amma ka san iyakarsa. Ƙaramin nan mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 400 ba, na 'yan mintuna, don haka ba zai riƙe babbar kwamfuta mai katin hoto ba. Idan yana da kafar USB, jona shi ka saita Windows ta kashe kanta in wuta ta ɗauke. Akwai kuma haɗarin da ba a cika tunawa ba: a ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, fankar ɗaki da na'urar sanyaya su mutu, laftof kuwa ta ci gaba da aiki a kan batir cikin rufaffen ɗaki. In inbata gare ka, ɗora fankar ɗakin a kanta tare da kwamfutar.

Mataki na bakwai: gwaji da rana kafin ka amince mata da dare

Kada daren farko ya zama shi ne gwaji. Saka ainihin aikin da rana kana zaune, ka bar shi awa biyu, HWiNFO na buɗe. Abin da kake nema shi ne zafin ya hau ya tsaya a wuri ɗaya cikin kamar minti ashirin zuwa talatin. Idan bayan awa ɗaya yana ta hawa a hankali bai tsaya ba, zafi na taruwa a cikin akwatin ko a ɗakin, koma mataki na uku. Kwatanta da lambobin da ka rubuta tun farko don ka ga abin da gyaran ya haifar.

In gwajin ya yi kyau, ga shirin daren. Dakatar da Windows Update don kada ta sake kunna kwamfutar a tsakiyar aiki. Mayar da lokacin barcin na'ura zuwa Never, allo kuwa ya mutu bayan minti biyar. Kwafi aikinka a wani faifai na waje, sannan ka zare shi. Idan bidiyo ne mai tsawo, raba shi gida uku ko huɗu a jerin gwano, yadda in an samu tsaiko kashi ɗaya kawai za ka maimaita. Kunna Logging a HWiNFO don ta rubuta zafin dare duka a fayil. Kawar da takardu, labule, turare, da galan ɗin fetur na janareta daga kusa. Kuma in manhajarka na da zaɓin kashe kwamfuta bayan kammala aiki, kamar yadda HandBrake ke da shi, zaɓe shi.

Da safe in ka tarar ta mutu, kada ka sake kunna aikin kai tsaye. Buɗe fayil ɗin HWiNFO ka duba layukan ƙarshe. Idan zafin na can sama daf da mutuwar, zafi ne. Idan yana daidai sai rubutun ya yanke kwatsam, ka fi zargin wuta ko caja.

Ban yarda a kulle gida a yi tafiyar kwanaki a bar laftof tana aiki mai nauyi ba kowa ba, komai kyawun lambobinta. A samu wani a gidan da ya san inda makashin wuta yake, a kuma faɗa masa abin da zai yi. Idan ya ji ƙauri, ko ƙarar tsatsa, ko ya ga hayaƙi, ya fara kashe wutar daga bango ko daga babban makashi, kada ya watsa ruwa a kan abin da ke jone. In batir ne ke huci ko hayaƙi, kada ya ɗauka a hannu kuma kada ya shaƙa, hayaƙin guba ne. Ya fitar da yara, ya yi amfani da abin kashe gobara mai hoda ko yashi in wutar ƙarama ce, ya kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112 in a Najeriya yake. Batirin da wutarsa ta mutu yana iya sake kamawa bayan wani lokaci, don haka ko wutar ta lafa, a tura shi waje da shebur a bar shi a kan siminti ko ƙasa, nesa da duk abin da ke ci da wuta, har ya kwana.